Kotun Ƙoli ta Gana da Masu Mulki, 1957 zuwa 2025

Gabatarwa

Manufata a wannan ɗan rubutu ita ce in bi tarihin Kotun Ƙoli ta ƙasar Gana da manyan alƙalanta, tun daga shekarar samun 'yancin kai har zuwa 2025, domin mu ga irin zaman da aka yi tsakaninsu da masu riƙe da mulki. Na zaɓi Gana ne saboda babu irin abin da kotun nan ba ta gani ba. An taɓa tuɓe Babban Jojinta kwana biyu bayan ya yanke hukuncin da bai yi wa shugaban ƙasa daɗi ba, sojoji sun taɓa soke ta ɗungum har sau biyu, an kuma taɓa sace alƙalai uku na Babbar Kotu a dare ɗaya aka kashe su. Amma kuma ita wannan kotu ce a shekarar 2013 ta raba gardamar zaɓen shugaban ƙasa, wanda aka kayar ya ce ya ji ya karɓa, kowa ya kwana lafiya.

Kafin mu shiga ciki, yana da kyau mai karatu ya riƙe abu guda. Alƙali ba shi da soja, ba shi da baitulmali, hatta ɗan sandan da zai zartar da hukuncinsa albashin gwamnati yake ci. Idan shari'a ta haɗa talaka da talaka, wannan ba ya zama matsala. Ranar da ake gane ƙarfin kotu ita ce ranar da gwamnati da kanta ta zo gabanta. A wannan rana mutum biyu ake bukata, watau alƙalin da zai iya ce wa mai mulki ba ka da gaskiya, da kuma mai mulkin da zai ji hakan ya haɗiye. A nawa ganin, tarihin kotun Gana gaba ɗayansa tarihi ne na neman a sami waɗannan mutane biyu a lokaci guda.

Asalin kotun

Turawan Ingila ne suka kafa kotun da dokar shekarar 1876, lokacin ana kiran ƙasar Gwalkwas, kuma Babban Joji na farko shi ne Sir David Chalmers. Sai dai ko da yake sunanta Kotun Ƙoli, a zamanin Turawa ba ita ce ƙarshen shari'a ba. Wanda bai gamsu da hukuncinta ba yana iya ɗaukaka ƙara zuwa kotun da ƙasashen Afirka ta Yamma renon Ingila suka yi tarayya a kanta, daga can kuma sai Landan, gaban kwamitin shari'a na fadar Sarauniya.

Shekara 80 cif Turawa suna riƙe da kujerar Babban Joji. Sai a 1956 aka naɗa ɗan ƙasa na farko, watau Sir Arku Korsah. Gana ta sami 'yanci ran 6 ga Maris 1957, ta kuma zama jamhuriya ran 1 ga Yuli 1960. Tsarin mulkin 1960 ne ya yanke zuwa Landan, ya mai da Kotun Ƙoli da ke Accra, wadda mutanenmu ke kira Ankara, ta zama daga ita babu wata. Wannan abin alfahari ne, amma yana ɗauke da nauyi, domin daga ranar duk wanda gwamnati ta zalunta ba shi da sauran wurin kai kuka in waɗannan alƙalai suka juya masa baya.

Mutanen Zangon Kumasi

Masu iya magana sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Karon farko tsakanin sabuwar gwamnati da kotu ya faru ne a kan mutanen Zango, 'yan watanni kaɗan bayan samun 'yanci. Alhaji Amadu Baba, Sarkin Zangon Kumasi, da Alhaji Othman Larden suna cikin jagororin jam'iyyar Musulmi da ke adawa da jam'iyyar CPP ta Kwame Nkrumah. A 1957 gwamnati ta ba da odar a kore su daga ƙasar, bisa cewa su baƙi ne, kuma zamansu ba alheri ba ne ga jama'a. Su kuwa suka garzaya kotu a Kumasi suka ce su 'yan ƙasa ne, kuma dokar korar baƙi ba ta hau kan ɗan ƙasa ba.

Wannan tambaya ce mai sauƙi wadda shaidu da takardu za su iya warwarewa. Amma gwamnati ba ta jira a warware ba. Shari'a tana gaban alƙali sai Majalisar Dokoki ta zauna ta yi wata doka ta musamman mai ɗauke da sunayen mutanen nan biyu, wadda ta ba minista ikon fitar da su ko 'yan ƙasa ne ko ba 'yan ƙasa ba, ta kuma kashe ƙarar da suka shigar. Aka sa su a jirgi aka kawo su Nijeriya. Da maganar ta koma kotu, alƙali ya ce Majalisa tana da ikon yin irin wannan doka. Darasin da masu mulki suka ɗauka a nan shi ne, in shari'a ta nemi ta juya maka baya, kana iya canza dokar tun ba a kai ga hukunci ba.

Shari'ar Akoto

A 1958 Majalisa ta yi dokar da ta ba gwamnati ikon tsare mutum har shekara 5 ba tare da an kai shi gaban alƙali ba, muddin tana ganin zai iya yin abin da zai cuci tsaron ƙasa. Cikin waɗanda dokar ta hau kansu akwai Baffour Osei Akoto, babban kakakin Sarkin Asante, watau sarkin mutanen da fataken goro ke kira Tonawa. Shi ne ya jagoranci kafa ƙungiyar NLM a 1954, mai neman a yi tsarin tarayya. An kama shi tare da wasu mutum 7 a watan Nuwamba 1959. Suka nemi Babbar Kotu ta tilasta wa hukuma ta kawo su ta faɗi dalilin tsare su, alƙali Sarkodee-Addo ya ƙi. Mai karatu ya riƙe wannan suna, za mu sake haɗuwa da shi.

Suka ɗaukaka ƙara zuwa Kotun Ƙoli. Lauyansu shi ne Dokta J. B. Danquah, dattijon siyasar Gana, wanda ya kara da Nkrumah a zaɓen shugaban ƙasa na 1960. Babban Lauyan Gwamnati kuwa Bature ne, Geoffrey Bing. Hujjar Danquah ta dogara ne a kan sashe na 13 na tsarin mulki. Wannan sashe ya wajabta wa shugaban ƙasa, ranar da ya kama aiki, ya tsaya gaban jama'a ya yi alkawarin kiyaye waɗansu haƙƙoƙi, cikinsu har da 'yancin faɗin albarkacin baki, da na yawo, da na taro, da na zuwa kotu. Danquah ya ce wannan alkawari doka ne, kuma duk dokar Majalisa da ta saɓa masa ta faɗi.

Ran 28 ga Agusta 1961 Korsah da alƙalai Van Lare da Akiwumi suka yanke hukunci. Suka ce alkawarin shugaban ƙasa daidai yake da rantsuwar da Sarauniyar Ingila ke yi ranar naɗinta, watau nauyi ne tsakaninsa da lamirinsa, kotu ba ta da ikon tilasta shi. In jama'a sun ga ya saɓa, maganinsu yana akwatin zaɓe. Suka kuma ce ba aikin kotu ba ne ta binciki dalilin da ya sa shugaban ƙasa ya gamsu cewa a tsare wani.

Akwai masana da ke kare alƙalan, suna cewa tarbiyyar shari'ar Ingila suka samu, inda Majalisa ke sama da kowa, kuma lafazin sashen bai fito fili ya ce a kai ƙara ba. Na yarda akwai ƙamshin gaskiya a nan. Amma Ingila ba ta da rubutaccen tsarin mulki, Gana kuwa tana da shi, kuma shi ne ya ba kotun ikon duba ko doka ta wuce gona da iri. Sa'an nan tura mutumin da ke kurkuku zuwa akwatin zaɓe, alhali wanda ya kulle shi shi ke riƙe da akwatin, ba amsa ba ce. Ƙofa ce aka buɗe wa kotun ta shiga, ita da kanta ta rufe. Ba a cika wata biyu da hukuncin ba, a watan Oktoba 1961, aka tsare shi kansa Danquah da wannan doka.

Kulungugu da tuɓe Korsah

Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Ran 1 ga Agusta 1962 Nkrumah yana dawowa daga ganawa da shugaban Upper Volta, watau Burkina Faso ta yanzu, ya tsaya a ƙauyen Kulungugu kusa da Bawku, sai aka jefa gurneti. Ya tsira da rauni, amma an rasa rai, mutane da dama kuma suka jikkata. Zargi ya faɗa kan na jikinsa: Tawia Adamafio, Ministan Watsa Labarai, da Ako Adjei, Ministan Harkokin Waje, da Cofie Crabbe, babban jami'in sakatariyar jam'iyya. Cikin abubuwan da aka riƙe a kansu har da cewa motocinsu sun ja baya daga motar shugaba kafin abin ya faru.

Aka gurfanar da su tare da wasu mutum biyu gaban wata kotu ta musamman wadda ba a ɗaukaka ƙara daga hukuncinta. Alƙalan su ne Korsah da Van Lare da Edward Akufo-Addo. A nan akwai abin lura. A 1948 Turawa sun kama mutum shida da ake ganin su ne jagororin neman 'yanci. Nkrumah yana cikinsu, haka Danquah, haka Ako Adjei, haka Akufo-Addo. Hasali ma Ako Adjei ne ya ba da shawarar a kira Nkrumah daga Ingila a 1947. Bayan shekara 15 ga ɗaya a kan mulki, ga ɗaya a kujerar alƙali, ga ɗaya a akwatin masu laifi.

Ran 9 ga Disamba 1963 kotun ta sami mutum biyun nan da laifi, amma ta sallami Adamafio da Ako Adjei da Cofie Crabbe saboda hujjar da aka kawo ba ta isa ba. Ran 11 ga wata Nkrumah ya tuɓe Korsah daga kujerar Babban Joji, domin tsarin mulkin 1960 ya ba shi ikon yin haka duk sa'ad da ya so. Van Lare ya ajiye aiki. Kafin watan ya ƙare Majalisa ta yi dokar da ta ba shugaban ƙasa ikon soke hukuncin wannan kotu, ya kuwa soke. Waɗanda aka sallama ba su ko taka ƙofar gida ba, domin dokar tsarewa, wadda Korsah ya halatta, ta ci gaba da riƙe su.

A watan Janairu 1964 aka yi ƙuri'ar raba gardama a kan abu biyu: a mai da ƙasar mai jam'iyya ɗaya, a kuma ba shugaban ƙasa ikon korar kowane alƙali na Kotun Ƙoli ko na Babbar Kotu bisa dalilin da shi ya ga ya isa. Gwamnati ta ce fiye da kashi 99 cikin 100 sun amince. A watan Maris aka kori Akufo-Addo da Blay da Bossman daga Kotun Ƙoli. Sabon Babban Joji shi ne Sarkodee-Addo, wanda ya ƙi sauraron kukan Akoto. A gabansa aka sake shari'ar, aka yanke wa mutanen hukuncin kisa a farkon 1965, daga baya Nkrumah ya sassauta zuwa ɗaurin shekara 20. Danquah kuwa, wanda aka saki a 1962 aka sake kamawa a Janairu 1964, ya rasu a kurkukun Nsawam ran 4 ga Fabrairu 1965.

Korsah ya yi abin da ya dace a 1963, kuma ya cancanci yabo a kai. Sai dai a lokacin an riga an sami alƙalin, an rasa mai mulkin da zai haɗiye, kuma katangar da za ta kare shi ita ce wadda ya taimaka aka rushe shekara biyu kafin nan.

Mai dokar barci

Sojoji da 'yan sanda suka kifar da Nkrumah ran 24 ga Fabrairu 1966. Suka soke Kotun Ƙoli, suka mai da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta zama ta ƙarshe, suka kuma dawo da Akufo-Addo a matsayin Babban Joji. Shi ne ya shugabanci hukumar da ta tsara tsarin mulkin 1969, wanda ya maido da Kotun Ƙoli, ya kuma rubuta haƙƙoƙin ɗan ƙasa ta yadda kotu za ta iya tilasta su. Wannan amsa ce kai tsaye ga shari'ar Akoto.

Firayim Minista a wannan jamhuriya ta biyu shi ne Dokta Kofi Busia, wanda mutanenmu suka fi tunawa da shi saboda dokar korar baƙi ta 1969. Busia ya yi shekaru yana gudun hijira yana sukar Nkrumah a kan taka doka. A farkon 1970 gwamnatinsa ta sallami ma'aikata 568. Ɗaya daga cikinsu, wani manaja a kamfanin ciniki na gwamnati mai suna Sallah, ya kai ƙara. Gwamnati ta nemi a cire alƙalai Apaloo da Sowah daga shari'ar bisa zargin son kai, ba ta yi nasara ba. A watan Afrilu 1970 kotu ta ce korar Sallah ta saɓa wa tsarin mulki. Busia ya hau rediyo da talabijin ya shaida wa ƙasa cewa babu kotun da za ta tilasta wa gwamnati ta ɗauki wani aiki ko ta mai da shi. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi ke nan. Gaskiya ne bai kori alƙalan ba, amma ya nuna cewa ƙin jinin hukuncin kotu ba halin Nkrumah kaɗai ba ne, hali ne na kujerar.

Kanar Acheampong ya kifar da Busia ran 13 ga Janairu 1972, a wannan shekara kuma ya sake soke Kotun Ƙoli. Sai tsarin mulkin 1979 ya dawo da ita. A ɗan gajeren mulkin Dokta Hilla Limann an ga wani abin da ba a saba gani ba. Majalisa ta ƙi amincewa da Apaloo a matsayin Babban Joji, sai wani ɗan ƙasa, Dokta Amoako Tuffour, ya kai ƙara. A 1980 kotu ta ce tsarin mulki ya riga ya tabbatar da Apaloo a kujerarsa, ba ya bukatar amincewar kowa. Gwamnati ta bi, Apaloo ya ci gaba da aiki har 1986.

Daren 30 ga Yuni 1982

A watannin da Jerry Rawlings ya yi mulki karo na farko, daga Yuni zuwa Satumba 1979, an harbe manyan hafsoshi 8, cikinsu da tsofaffin shugabannin ƙasa uku, an kuma kafa kotunan soja da suka yanke wa mutane ɗauri mai tsawo tare da ƙwace dukiya. Da farar hula suka karɓi mulki, waɗansu da abin ya shafa suka kai kuka Babbar Kotu, waɗansu alƙalai kuma suka duba suka ba su gaskiya. Rawlings ya dawo ran 31 ga Disamba 1981.

Daren 30 ga Yuni 1982, ana cikin dokar hana fita, wasu mutane suka bi gida gida a Ankara suka ɗauki alƙalai uku na Babbar Kotu: Cecilia Koranteng-Addow, wadda take goyo a lokacin, da Fred Poku Sarkodee, da Kwadwo Agyei Agyepong. Suka haɗa da wani tsohon soja, Manjo Sam Acquah. Bayan 'yan kwanaki aka tsinci gawarwakinsu a filin koyon harbi na soja da ke Bundase, an harbe su an kuma cinna musu wuta. Duka alƙalan uku sun taɓa zama a kan ƙararrakin da suka shafi hukunce-hukuncen sojojin 1979.

Gwamnati ta kafa hukumar bincike a ƙarƙashin tsohon Babban Joji Azu Crabbe. Hukumar ta ba da shawarar a gurfanar da mutane da dama, har da Kyaftin Kojo Tsikata, mai ba gwamnati shawara kan tsaro. Shi ya musanta, Babban Lauyan Gwamnati kuma ya ce babu isasshiyar hujja a kansa, ba a kuwa gurfanar da shi ba. Joachim Amartey Kwei, wanda ɗan majalisar mulkin sojan ne, an same shi da laifi tare da wasu, aka harbe shi a Agusta 1983. Ƙungiyar lauyoyin Gana ta mai da 30 ga Yuni ranar tunawa da su kowace shekara, an kuma kafa mutum-mutuminsu a harabar Kotun Ƙoli. Wannan shi ne ƙarshen hanyar da aka fara bi a 1957. Da farko an ƙwace shari'a daga hannun alƙali, sa'an nan aka ƙwace kujerarsa, daga ƙarshe aka taɓa ransa.

Jamhuriya ta huɗu

Waɗanda suka rubuta tsarin mulkin 1992, wanda ya fara aiki ran 7 ga Janairu 1993, sun rubuta shi ne da wannan tarihi a gabansu. Shugaban ƙasa ne ke naɗa Babban Joji, amma sai ya shawarci Majalisar Ƙasa, watau majalisar dattawa masu ba shi shawara, sai kuma Majalisar Dokoki ta amince. Ba ya iya tuɓe shi da kansa. Sai an kawo ƙorafi, an kafa kwamitin mutum 5, biyu alƙalan Kotun Ƙoli, uku kuma waɗanda ba lauyoyi ba, sa'an nan ya bi abin da kwamitin ya ce. Bugu da ƙari, sashe na 2 ya ce ƙin bin umarnin Kotun Ƙoli a kan al'amarin tsarin mulki babban laifi ne da zai iya jawo tsige shugaban ƙasa. Wannan amsa ce ga Busia.

Gwajin farko bai daɗe ba. A 1993, Rawlings yana kan mulki a matsayin zaɓaɓɓen shugaba, jam'iyyar adawa ta NPP ta kayar da gwamnatinsa sau da dama. Kotu ta ce ba a bukatar izinin 'yan sanda kafin a yi zanga-zanga, ta kuma ce dole gidan rediyo da talabijin na gwamnati ya ba 'yan adawa dama daidai da jam'iyya mai mulki. Mafi zafi shi ne hukuncin watan Disamba, inda alƙalai 5 suka rinjayi 4 suka ce bikin ranar 31 ga Disamba da kuɗin jama'a ya saɓa wa tsarin mulki, domin ranar juyin mulki ce. An yi gunaguni, amma ranar ta fita daga jerin hutun ƙasa, babu kuma alƙalin da aka tuɓe. A wajena wannan ita ce shekarar da kotun ta fara tsayuwa da ƙafafunta.

Babban gwaji ya zo bayan zaɓen Disamba 2012, wanda aka ce John Mahama ya ci da kashi 50.7 cikin 100. Abokin takararsa, Nana Akufo-Addo, ɗa ne ga Edward Akufo-Addo wanda Nkrumah ya kora. Ya kai ƙara, alƙalai 9 ƙarƙashin William Atuguba suka yi wata takwas a kan shari'ar, ana nunawa kai tsaye a talabijin. Ran 29 ga Agusta 2013 suka tabbatar da zaɓen Mahama. A ranar Akufo-Addo ya ce bai yarda da hukuncin ba amma ya karɓa. Ya jira, ya ci zaɓen 2016. Da aka juya, Mahama ya ƙalubalanci zaɓen 2020, kotu ta kori ƙararsa a Maris 2021, shi ma ya soki hukuncin amma bai tayar da ƙasa ba, ya jira ya ci zaɓen 2024.

Kada mai karatu ya ɗauka an gama. Tsarin mulkin ya ce alƙalan Kotun Ƙoli kada su gaza tara ban da Babban Joji, amma bai faɗi iyakar yawansu ba. A 2002, zamanin John Kufuor, kotu ta kayar da gwamnati da 5 da 4 a kan halaccin wata kotun gaggawa. Aka naɗa sabon alƙali, aka sake duba shari'ar, hukunci ya juye ya koma 6 da 5. Wanda ba ya iya korar alƙali ashe yana iya ƙaro wani. Su ma alƙalan ba su tsira daga zargi ba, domin a 2015, zamanin Georgina Wood, mace ta farko da ta riƙe kujerar Babban Joji, ɗan jarida Anas Aremeyaw Anas ya fito da hotunan bidiyo da suka jawo tuhumar alƙalai da majistarori fiye da 30 da karɓar rashawa, aka kori da dama daga cikinsu.

Sa'an nan a Afrilu 2025 Mahama ya dakatar da Babbar Joji Gertrude Torkornoo, wadda Akufo-Addo ya naɗa a 2023, bayan an kawo ƙorafi a kanta. Kwamiti ya zauna a asirce kamar yadda doka ta tanada, ya ba da shawarar a cire ta, aka kuwa cire ta ran 1 ga Satumba 2025. Wannan ne karo na farko a ƙarƙashin tsarin mulkin 1992. Gwamnati ta ce ƙa'ida aka bi, ita da 'yan adawa suka ce siyasa ce, ta kuma kai ƙara kotu. Ni dai abin da na lura da shi shi ne bambanci da kamanci. Korsah kwana biyu aka ɗauka, ita kuwa an yi watanni ana zama da lauyoyi da shaidu. Amma tun da shugaban ƙasa ne ke naɗa 'yan kwamitin, kuma a ɓoye ake zaman, da wuya a gamsar da wanda ke zargi.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za mu iya fitar da abu uku. Na farko, alƙalin da ya ƙi kare ɗan ƙasa don ya zauna lafiya da mai mulki, kansa ya tone wa rami, kamar yadda shari'ar Akoto da tuɓe Korsah suka nuna. Na biyu, kowace jam'iyya masoyiyar kotu ce muddin tana adawa, saboda haka ba a auna ɗan siyasa da abin da ya faɗa game da alƙalai kafin ya hau. Na uku, rubutu mai kyau a tsarin mulki yana da amfani, don tsarin 1992 ya toshe ramuka da yawa, amma ba shi ya hana tashin hankali a 2013 ba. Abin da ya hana shi ne wanda aka kayar ya tabbata cewa in ya haƙura akwai wani zaɓen a gaba, kuma ba za a kwana da shi a Nsawam ba.

'Yan'uwa ɗalibai, a cikinmu akwai waɗanda gobe za su zauna a kujerar alƙali, akwai kuma waɗanda za su riƙe mulki a kai su ƙara. Ina fata duk wanda ya sami kansa a ɗaya daga cikin kujerun nan biyu zai tuna da Danquah da Korsah da Cecilia Koranteng-Addow, domin gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Allah Ya ba mu shugabanni masu jin gaskiya da alƙalai masu faɗinta, amin.